HAƘƘIN HANYA: KO YA HALATTA MAI INTANET YA FIFITA WANI MATAFIYI A KAN WANI?

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa, muna kuma yin salati da sallama ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani ɗan al'amari da ya auku tsakanina da wani ɗalibina a nan Haɗeja. Yaron mutumin wani ƙauye ne ta wajen Guri, yana karatun nahawu a wurina. Na umarce shi ya nemo wani sharhi na Ajurumiyya wanda aka ajiye kyauta a wani ɗakin karatu na intanet. Washegari sai ga shi ya zo hannu rabbana. Da na tambaye shi dalili, sai ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, na gwada har na gaji, shafin ya ƙi buɗewa." Na ce, "Yaro, ko data ce ba ka da ita?" Ya ce, "Akwai, malam, amma irin mai arahar nan ce ta hira da kallon bidiyo, ba ta buɗe komai in ba su ba." Ya miƙo mini wayar. Ga hotunan raye-raye da barkwanci suna kwarara kamar ruwan tsakiyar damina, littafin kuwa ko shafi guda ya ƙi fitowa. Waya ɗaya ce, ƙarfen sabis ɗin da ke ba ta ɗaya ne, kuɗin da yaron ya biya kuma halal ne, amma an riga an zaɓar masa inda zai je da inda ba zai je ba.

Wannan abu ƙarami ne a ido, amma a ƙarƙashinsa akwai babbar tambaya ta adalci, wadda masana suka daɗe suna jayayya a kanta. Intanet dai hanya ce, kamfanin wayar da muke biya shi ne mai riƙe da hanyar, saƙonni da littattafai da muryoyi kuwa su ne matafiya. Tambayar ita ce, shin ya halatta mai hanya ya leƙa kayan kowane matafiyi, sa'an nan ya ce wannan ya wuce da sauri, wannan ya jira, wancan ya koma? Masu cewa bai halatta ba sun tsaya a kan ƙa'ida guda, wadda za mu kira daidaiton hanya, watau kada mai hanya ya toshe wani halattaccen shafi, kada ya rage wa wani gudu da gangan, kada kuma ya karɓi kuɗi a hannun mai ƙarfi domin ya sa shi gaban mara ƙarfi. Wani malamin shari'a a Amurka mai suna Tim Wu shi ne ya raɗa wa ƙa'idar sunan da ta shahara da shi, a cikin 2003. Ni kuwa abin da nake so in nuna shi ne, ko da yake sunan sabo ne, asalin hukuncin tsoho ne a wurinmu.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja ba sai an yi mana dogon bayani ba game da zama a ƙasan wanda ke riƙe da mashigar ruwa. Koginmu haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. An gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Kafin wannan, ruwa yakan zo da damina ya shimfiɗu a fadama, ya janye da rani, ya bar wa manomi laka, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa makiyayi ciyawa, kowa da lokacinsa. Ba wanda zai musa cewa madatsun sun kawo alheri, domin birnin Kano ya sami ruwan sha, an yi noman rani a Kadawa, mu ma ga aikin noman rani na Auyo. Amma fa tafiyar ruwa ta sake. Wuraren da da can suke bushewa da rani suka daina bushewa, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, har ya zamana gonakin wasu sun nutse shekara da shekaru, na wasu kuwa ruwan ya daina isa gare su. Waɗanda suka gina madatsun ba su yi da niyyar cutar manomin Guri ko masuncin Kiri Kasamma ba. Darasin ke nan: wanda ke sama ba sai ya ƙulla mugunta ba kafin ya cuci na ƙasa, ya isa kawai ya dubi maslaharsa ya manta da wanda ke bayansa.

To, me shari'a ta ce game da wanda Allah ya ajiye a saman mashigar ruwa? Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Zubairu ɗan Awwam ya yi jayayya da wani mutumin Ansar a kan magudanar ruwan da suke shayar da dabinonsu a Madina. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa Zubairu, wanda gonarsa ke sama, ya shayar, sa'an nan ya saki ruwan zuwa ga maƙwabcinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an ruwaito hukuncinsa game da kwazazzaban Mahzur da Muzainib, inda aka iyakance wa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan tilas ya sake shi ga na ƙasa. Har wa yau an hana mutum ya hana rarar ruwa da nufin hana dabbobin mutane kaiwa ga ciyawar da ke kewaye da shi. A lura da wannan hani na ƙarshe da kyau, domin shi ne ya fi kama da maganarmu. Mai rijiya bai mallaki ciyawar daji ba, amma in ya rufe rijiyarsa ya mallake ta a fakaice, tun da ba makiyayin da zai kai garkensa inda babu sha. Haka kamfanin waya bai mallaki littattafan da ke intanet ba, amma in ya kama hanyar isa gare su ya zama kamar shi ne mai su.

Game da hanya ma shari'a ba ta yi shiru ba. An hukunta cewa in mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai, don kada masu gine-gine su cinye ta. An hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, domin mai yin haka yana cin riba ne da tsayuwa tsakanin mai kaya da mai saye, bai ƙara wa kayan komai ba. Sa'an nan kowa ya san labarin rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usmanu ya saya da dukiyarsa ya mai da ita waƙafi, ya zamana gugansa da gugan kowane Musulmi daidai suke a bakinta. Waɗannan hukunce-hukunce duka suna komawa ga asali guda: abin da jama'a ba su da makawa sai sun bi ta kansa, ba a barin mutum ɗaya ya mai da shi makamin zaɓe da fifiko.

Wani zai ce, ai malam, wannan tsoro ne kawai, wane kamfani ne zai tare littafin addini? Amsa ita ce an taɓa gani. A cikin 2007, 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na Associated Press suka so su gwada zargin da ake yi wa kamfanin Comcast na Amurka cewa yana katse wani nau'in aika saƙo a asirce. Abin da suka zaɓa su aika shi ne Littafin Baibul, suka kuwa tarar ana katse shi a hanya. Kamfanin ba gaba yake da Baibul ba, na'urarsa ma ba ta san abin da ke cikin saƙon ba, ita dai an umarce ta ta danne irin wannan zirga-zirga don maslahar kamfani. Daidai da labarin madatsa da manomin Guri. Tun daga lokacin Amurkawa suke ta kai da komo: hukumar sadarwarsu ta kafa dokar daidaiton hanya a 2015, ta soke ta a 2017, ta maido da ita a 2024, sa'an nan wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a watan Janairu na 2025. Abin lura shi ne majalisar bishop-bishop ta Katolika ta ƙasar tana cikin waɗanda suka fito suka goyi bayan dokar, domin sun gane cewa coci ba zai iya gasar kuɗi da kamfanonin fina-finai ba.

Ƙasar Indiya kuwa, a watan Fabrairu na 2016, hukumar sadarwarta ta hana kamfanoni bambanta farashin data bisa ga shafin da mutum zai shiga. Wannan ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na kamfanin Facebook a can, shirin da ke buɗe wa mutane wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta ya bar sauran a rufe. A cikin wannan shekara ta 2016 aka ƙaddamar da shi wannan shiri a Nijeriya tare da kamfanin Airtel. Daga baya, a 2019, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet wanda ya hana toshe halattaccen shafi, da rage masa gudu, da fifita wani a kan wani, amma ya bar ƙofa ga irin waɗannan shirye-shirye na kyauta bisa sharuɗɗa. Ashe ke nan maganar ta iso ƙofar gidanmu tuntuni, mu ne dai ba mu waiwaye ta ba.

Me ya sa wannan ya shafi masu addini fiye da kowa? Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da zamanin da gidan rediyon Kaduna ne kusan kaɗai muryar da ke isa kowane lungu na Arewa. Malamin da ya sami fili a can ya shiga kowane gida, wanda bai samu ba kuwa iliminsa ya tsaya a zaurensa, kome zurfinsa. Mun kuma ga irin ja-in-jar da aka yi tsakanin ɓangarorin malamai a kan wa za a sa tafsirinsa da azumi. Kaset ya zo ya ɗan sassauta, intanet kuwa ta zo ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Yau malamin zaure a Kafin Hausa ko Birniwa yana iya karantar da Risala ko Iziyya, ɗalibinsa da ke neman abinci a Legas ko Jidda ya saurara a daren. A azumin 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka dakatar da tarukan tafsiri a wurare da yawa, rediyo da talabijin da wannan hanya su ne suka riƙe mu, haka kuma maƙwabtanmu Kirista suka yi da nasu taron ibada. Masallacin unguwa ba shi da kuɗin sayen gaba a layi, makarantar allo ba ta da shi, ƙaramin coci ma ba shi da shi. Ranar da gudun hanya ya zama na wanda ya fi biya, to a ranar mun koma zamanin murya ɗaya, sai dai wannan karon mai zaɓen muryar ɗan kasuwa ne wanda ma'auninsa riba.

Yanzu bari mu saurari masu saɓa mana, domin ba adalci ba ne mutum ya yi wa'azin adalci alhali ya toshe bakin abokin jayayyarsa. Hujjarsu ta farko ita ce ta dukiya. Suna cewa kamfani ya kashe kuɗinsa, ya kafa ƙarafa, yana ƙona man dizal dare da rana, yaya za a hana shi sayar da hajarsa yadda ya so? Kuma wannan data mai araha ai taimako ce ga talaka. Lalle akwai gaskiya a nan. Malamai sun bambance ruwan kogi da ruwan da mutum ya ɗebo a tulunsa, na biyun mallakarsa ne, ya halatta ya sayar. Musulunci bai hana riba ba, kuma ba laifi a sayar wa mai kuɗi da yawa mudu babba, mai kaɗan mudu ƙarami. Amma ku dubi ɗan garuwa. In ya sayar maka da jarka guda, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba ya tsayawa ya ce maka ka yi wanki da shi amma ban yarda ka yi alwala ba. Sa'an nan kamfani bai zama kamar ɗan garuwa ta kowace fuska ba, domin iskar da saƙonsa ke bi ba shi ya halicce ta ba, dukiyar al'umma ce da gwamnati ta ba shi izinin amfani da ita. Shi ya sa a gwanjon 2001 aka sayar da kowane lasisi a kan dala miliyan 285. Wayoyinsa na ƙarƙashin ƙasa kuma gefen titin jama'a suke bi. Wanda ya gina kasuwancinsa a kan abin kowa, amana ce a hannunsa tare da mallaka. In ana son taimakon talaka, a ba shi ƙaramin mudu mai araha wanda zai kai shi duk inda ya nufa, shi ya zaɓa da kansa.

Hujja ta biyu ita ce ta fi nauyi, kuma daga bakin masu kishin addini take fitowa. Suna cewa, malam, hanyar da ba ta zaɓe ai kowa take ɗauka, har da batsa, da ƙarya, da masu kafirta Musulmi, da masu kiran matasa zuwa ga ta'addanci. Ina umarni da kyakkyawa da hani da mummuna? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk uban da ya taɓa leƙa wayar ɗansa ya san ɗacinta. Amsata ita ce a koma ga hadisin haƙƙin hanya. Sa'ad da sahabbai suka nuna ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, an sharɗanta musu abubuwa, a cikinsu akwai kame cuta daga masu wucewa, akwai kuma hani da mummuna. An haɗa biyun wuri guda, ba a ce a yi ɗaya da rushe ɗaya ba. Daidaiton hanya bai ce kome halal ne ba, magana yake a kan wa ke da ikon hanawa, da kuma ta wace hanya. Ɓarawo yana bin titin Haɗeja zuwa Kano, amma ba mu ce ɗan kwangilar da ya yi titin ya kafa shinge yana zaɓen wanda zai wuce ba. Kama ɓarawo aikin hukuma ne, hukunta shi aikin alƙali ne, da shaida, a bainar jama'a, da damar ɗaukaka ƙara.

Ko ita hukumar ma ba a sakar mata mara gaba ɗaya ba. Mun ga an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mun ga an katse layukan waya a Zamfara a Satumba 2021 saboda 'yan bindiga. Kowa yana da ra'ayinsa a kan ko an dace ko ba a dace ba, amma abin da ba a jayayya a kansa shi ne rufewar ta haɗa da mai laifi da mara laifi, da ɗan kasuwa, da mai neman likita, da mai neman fatawa. Ƙa'idar malamanmu ita ce lalura ana auna ta gwargwadonta, saboda haka duk rufewa tana bukatar dalili bayyananne, da iyaka, da wa'adi. Ina kuma jan hankalin duk wanda ke fatan a ba shi mabuɗin hanya don ya rufe bakin ɓangaren da ba nasa ba: mabuɗi ba ya tabbata a hannu ɗaya. Yau kana da rinjaye a garinku, gobe ɗanka yana zaune a ƙasar da Musulmi 'yan tsiraru ne, kuma ƙa'idar da ka ƙi ba wa Kiristan Haɗeja ita ce ɗanka zai nema a can ya rasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a ɗauka daidaiton hanya maganin kowace cuta ne. Ba zai kai sabis ƙauyen fadama da ba a kafa wa ƙarfe ba, ba zai sauko da farashin data ba, wanda ma aka amince a ƙara shi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ba zai hana manyan dandali irin su Facebook da TikTok tura wa yaro abin da ke jan ido su ɓoye abin da ke gyara zuciya ba, domin wannan sha'anin cikin kasuwa ne, mu kuwa maganar hanyar zuwa kasuwa muke. Haka nan ba laifi in cunkoso ya yi yawa mai hanya ya tsara zirga-zirga, kamar yadda ake kauce wa motar asibiti, muddin tsarin a fili yake kuma ba kuɗin wani ne ya saye shi ba. Tarbiyya kuwa tana nan a wuyan iyaye da malamai, ba kamfanin da zai ɗauke mana ita.

Saboda haka nasihata uku ce. Ta farko ga malamai da shugabannin addini, Musulmi da Kirista: su san cewa wannan magana tasu ce, in hukumar sadarwa ta kira jin ra'ayin jama'a su aika da wakilai masu sani, kamar yadda manoma da masunta suke zuwa a yi maganar sakin ruwan Tiga da su. Ta biyu ga hukuma da kamfanoni: doka a takarda ba ta shayar da gona, a duba ko waɗannan ƙunshe-ƙunshen data masu buɗe ƙofa biyu su rufe dubu sun dace da ruhin ƙa'idar 2019. Ta uku ga iyaye da masu hali: in za ka saya wa ɗalibi data, saya masa wadda za ta kai shi ɗakin karatu ko da kaɗan ce, kuma masu neman sadaka mai gudana su tuna da Sayyidina Usmanu da rijiyar Ruma, su sa wa makarantun Islamiyya intanet buɗaɗɗiya wadda malami ke lura da ita. Shi ɗalibin nawa dai a wayata muka sauko masa da littafin, yanzu har ya kai babin fa'ili. Amma 'yan'uwansa nawa ne a ƙauyukan fadama waɗanda ba su da malami a kusa da zai ara musu tasa?

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya sa shugabanninmu su riƙe amanar da ke hannunsu, ya kiyaye mana zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka ba tare da ambaliya ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, kuma ƙofa a buɗe take ga duk malamin da ke da gyara ya rubuto. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.